Kwabon jan ƙarfe mai tsada: wa za ka kai wa, kuma nawa za ka sallama?

Abin da na lura da shi game da masu riƙe da tsohon kwabon jan ƙarfe shi ne, da zarar mutum ya ga wani irin nasa an rubuta masa dala dubu kaza a intanet sai ya fara lissafin abin da zai yi da kuɗin, alhali ko makin nasa bai sani ba. To a tsaya tukuna. A wannan harka abu biyu ne ke yanka farashi, maki da kala, kuma sai ka san su kafin ka zaɓi inda za ka kai.

Makin, wato lambar da ke nuna yadda kwabon ya tsira daga gogewa da lalacewa, daga 1 zuwa 70 yake, wani Ba'amurke William Sheldon ne ya fito da tsarin a 1949, kuma da ma don manyan kwabban jan ƙarfe na Amurka ya ƙirƙire shi kafin a ɗora shi kan sauran kuɗi. Daga 60 zuwa sama shi ne wanda bai taɓa yawo a hannun mutane ba, za ka ga an rubuta MS-63 ko MS-65 haka. Sai kala, wanda nan ne jan ƙarfe ya bambanta da zinare da azurfa. RD na nufin jan da ya fito da shi daga masana'anta yana nan kusan kashi 95 cikin 100, RB jan ya fara gauraya da ruwan ƙasa, BN kuma ya riga ya koma ruwan ƙasa. Ɗauki kwabon Amurka mai hoton Lincoln da ake kira 1909-S VDB, wanda guda 484,000 kacal aka buga a San Francisco, guda biyu masu maki ɗaya amma ɗaya RD ɗaya BN, wallahi kuɗinsu ba ya ko kusa. A wasu shekarun ma da kwabon ba wani wahalar samu yake ba, tsakanin 66 da 67 kawai sai farashi ya ninka sau goma, saboda masu 67 ɗin ƙalilan ne kuma masu tara tsofaffin kwabbai suna gasa a kansu.

Hausawa na cewa in kana da kyau ka ƙara da wanka, ban da nan, tsohon kwabo ba a goge shi. Ni kaina na taɓa yin wannan wauta, na ga ɗan ɗigo baƙi kusa da shekarar kwabon, na sa tsumma mai laushi na ɗan goga, a ido ya yi fes amma da na karkata shi ƙarƙashin fitila sai ga siraran layuka kamar gashi duk sun bi gefe guda. Irin wannan in ya je wurin masu ba da maki ba ya samun lamba, Details za su rubuta masa, wato na gaske ne amma yana da aibi, daga nan kuma rabin kuɗi ma sai an yi sa'a.

Wurin ba da maki, manyan kamfanoni biyu ne kasuwa ta fi yarda da su, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Su za su duba ko jabu ne, su ba shi maki, su rufe shi a gidan roba mai lamba. Akwai ANACS da ta girme su kuma ta fi sauƙin kuɗi, in dai so kake ka tabbatar abin na gaske ne ta isa, sai dai wurin sayarwa robarta ba ta jan kuɗi kamar na waɗancan. A kwabban Amurka masu babban maki ni na fi karkata ga PCGS, ra'ayina ne fa, wani zai ce maka NGC kuma ba zan yi musu da shi ba. Sannan akwai CAC da ta fara a 2007, ita tana sake duba wanda aka riga aka rufe, in ya cika makinsa sosai ta manna masa koren sitika, kuma masu saye na ƙara kuɗi a kan sitikar nan. Amma in kwabon naka gaba ɗaya bai wuce dala 50 ba kar ma ka fara, kuɗin maki da na aikawa da inshora za su cinye shi.

Yanzu farashi. Littafin nan da ake kira Red Book da jadawalin farashi na PCGS kuɗin sayarwa ga mai so suke nunawa, wani jadawalin kuma mai suna Greysheet ya fi kusa da abin da dillalai ke biya a tsakaninsu. Amma abin da na fi dogara da shi shi ne nawa aka sayar da irinsa a gwanjo kwanan nan, shekara ɗaya, maki ɗaya, kala ɗaya, kamfani ɗaya. Abin da wani ya rubuta yana nema ba farashi ba ne, buri ne, kwabon na iya shekara biyu a rataye ba wanda ya taya.

Dillali shi ne mafi sauri. Ka kai, ya duba, ya taya, in ka sallama ka tafi da kuɗinka a ranar. Sai dai shi ma riba zai ci don haka ƙasa zai taya, kuma in kwabon bai da roba to a makin da ya fi ƙasa zai lissafa maka. Ka nuna wa biyu ko uku kafin ka amsa.

Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers su ne na kwabon da ya kai dubbai, don a can ne masu kuɗin da ke neman irinsa suke, kuma in biyu suka nace a kai sai ka sha mamaki. Amma ga inda mutane ke ruɗewa. Farashin da ake bugawa bayan gwanjo ya haɗa da la'adar da mai saye ke biya, wadda take kusan kashi 20 cikin 100. A ce ka ga an sayar a dala 1,200, to guduma a 1,000 ta buga, daga cikin 1,000 ɗin ne kuma za a cire taka la'adar in akwai, ita wannan ana ciniki a kanta in kayan na da nauyi, kar ka ji kunyar nema. Ga kuma jira, a tsara katalog, a yi gwanjon, sannan a ƙara makonni kafin kuɗi su shigo. GreatCollections, ita ma gidan gwanjo ce, tana tsakanin waɗannan manya da sayarwa da kanka, duk mako take gwanjo a intanet, la'adarta ta fi sauƙi, ni a ganina kwabon ɗaruruwan dala zuwa 'yan dubbai can ya fi dacewa.

Sai kasuwar intanet ta eBay, inda kai ne dillalin kanka. Za su cire sama da kashi 10, kai za ka ɗau hoto kai za ka aika, kuma jan ƙarfe mugun abu ne a hoto, fitila kaɗan ta sa RB ya zama kamar RD, mai saye ya buɗe ya ga ba haka ba ya dawo maka da shi. Ga tsoron a dawo maka da wani daban. Ƙaramin kaya dai ba laifi, babba gaskiya ba zan sa a can ba.

Wani abu kuma da ke sa ba na son dogon jinkiri da RD, jan ƙarfe ba ya daina canzawa ko a cikin roba yake. Danshi ya shiga, ɗigo ya fito, takardar da ke cikin robar na cewa RD ido na cewa RB, kuma mai saye ido zai bi, kamfanonin ma ba sa ɗaukar lamunin kala har abada. Kafin ka yanke shawara ajiye shi wuri busasshe da 'yar jakar nan mai shanye danshi, kar ka sa shi a lallausar ledar PVC mai barin koren maiƙo, in bai da roba ka riƙe shi ta baki-baki kawai. Ranar aikawa kuma ka ɗau hoton gaba da baya da lambar robar a fili, ka sa inshora daidai kuɗin da kake sa rai, ba kuɗin da ka saye shi ba.