Darasin shirin aure a cocin Katolika: inda ya yi da inda ya gaza

Duk wanda zai ɗaura aure a cocin Katolika, a Kaduna yake ko Kafanchan ko Jos, sai ya bi ta darasin shirin aure. Kowace dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop guda, da tsawon nata, amma galibi wata uku zuwa shida ne. Darasi ne mai amfani ƙwarai, sai dai ingancinsa ya rataya ne a kan waɗanda aka sa su koyar.

Inda aka haɗa Fada da Sista da ma'auratan da suka daɗe tare, abin yana zama daram kamar tukunya a kan duwatsun murhu uku. Ɓangaren Fada shi ne sakramenti da dokar Ikklesiya. Yakan gana da saurayi da budurwa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowa ko da yardarsa ya zo, ko ya taɓa yin aure a baya, ko da na gargajiya ne, ko akwai dangantakar jini a tsakaninsu. Wannan ganawa ta keɓe ta fi komai muhimmanci, domin yarinyar da iyaye suka matsa wa ba za ta buɗe baki a gaban saurayin ba, kuma auren dole ba ya ɗauruwa a dokar Ikklesiya. Cocin da ya mai da ita cike takarda a ofishin katikis ya yi asarar rabin darasin.

Sista, musamman wadda ta karanci aikin jinya, ita ta fi dacewa da batun lafiya. A nan ake bayanin gwajin sikila: idan su biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kuskuren da ake yawan yi shi ne jinkirta gwajin har sai an biya sadaki an buga kati, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga dangi biyu. A makon farko ya kamata a nemi sakamakon. Haka tazarar haihuwa ta hanyar Billings: zama ɗaya ba ya koyar da ita, sai mace ta yi watanni tana rubuta alamomin jikinta kullum, mai koyarwa na dubawa, mijin kuma yana wurin.

Tsofaffin ma'aurata ne ke taɓo abin da Fada bai taɓa ɗanɗanawa ba: kuɗin cefane, ƙannen miji da suka tare a gida, surutun surukai idan haihuwa ta yi jinkiri, giya. Inda babu su, darasin yakan koma wa'azi, ango da amarya suna gyaɗa kai suna duban agogo.

Akwai giɓi guda da ba a cika lura da shi ba. Daga gidajen nan ne Fada da Sista na gobe za su fito, amma da wuya a keɓe ko zama ɗaya kan yadda iyaye za su karɓi ɗan da ya ce yana jin kiran zama Fada, balle in shi kaɗai ne namiji. Ga kuma ɗaliban seminari, wato makarantun horar da Fada irin su St Augustine ta Jos da Good Shepherd ta Kaduna, da ake turawa aikin hutu a coci-coci. Da ana zaunar da su a bayan ajin nan, da sun san aure tun kafin a kawo musu ƙararsa.

Sai takardu, inda aure da yawa ke tuntuɓe. Ana buƙatar sabuwar shaidar baftisma daga cocin da aka yi wa mutum baftisma, domin a can ake rubuta ko ya taɓa aure. Wanda aka haifa a ƙauye mai nisa ya aika tun da wuri. Sanarwa a coci yawanci Lahadi uku ce a jere. Idan ɗayansu ba Katolika ba ne, sai da izinin Bishop, wannan ma yana cin lokaci. A rajistar gwamnati kuwa, sanarwa tana kwana 21 kafin a ba da takarda, kuma dole a ɗaura auren cikin wata uku daga ranar sanarwar, in ba haka ba a sake daga farko. Saboda haka kada a kama zauren biki ko a yanke anko sai Fada ya amince da ranar.