Google Scholar a ma'auni: na bi sawun Tasuku Honjo da shi

Shekara da shekaru ina amfani da Google Scholar wajen neman takardun bincike, amma ban taɓa zama na auna shi da gangan ba sai da aka ba ni aikin shirya wa ɗalibai lacca kan yadda ake magance ciwon daji ta hanyar garkuwar jiki. Na yanke shawarar in gina laccar a kan rayuwar aikin mutum ɗaya, Farfesa Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto da ke Japan, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2018 tare da James Allison na Amurka. Tambayar da na sa a gaba ita ce ko wannan shafi zai iya nuna wa mai karatu yadda aikin masani ya faro, ya girma, har ya kai ga gadon marar lafiya.

Kamfanin Google ne ya buɗe shafin a watan Nuwamba na 2004, kuma har yau kyauta ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi ko malamin da ke jami'o'inmu, domin manyan rumbunan da ke irin wannan aiki, wato Scopus da Web of Science, sai makaranta ta biya kuɗi mai yawa kafin a shiga su. Shafin ba shi da nauyi, yana buɗuwa a waya ko da sabis ya yi rauni, kuma ba ya cin data sosai. A wannan ɓangaren ba ni da abin faɗa sai yabo.

Na fara da rubuta sunan furotin ɗin da ya sa Honjo ya yi suna, wato PD-1, tare da shekarar 1992. Nan take takardar farko ta fito, wadda aka buga a mujallar EMBO Journal, ɗauke da sunayen Ishida da Agata da Shibahara, sunan Honjo kuma a ƙarshe, kamar yadda aka saba sa shugaban ɗakin gwaje-gwaje a wannan fanni. A ƙarƙashin sakamakon akwai mahaɗin da ke nuna duk wuraren da takardar take a intanet, kuma ta nan na sami cikakken kwafinta kyauta a rumbun PubMed Central. Abin da ya ɗauki hankalina da na karanta ta shi ne cewa ba ciwon daji suke nema ba. Suna neman ƙwayoyin gadon da ke aiki ne a lokacin da ƙwayar halitta ta shiga mutuwar da aka tsara mata, kuma daga nan sunan PD-1 ya samo asali, domin PD taƙaitawar "programmed death" ce, wato mutuwar da aka tsara. Daga baya aka gano cewa aikin furotin ɗin ba kisa ba ne, amma sunan ya riga ya bi shi.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne mahaɗin da ke jera duk takardun da suka ambaci wata takarda, musamman idan aka haɗa shi da damar taƙaita sakamako zuwa wasu shekaru. Da wannan na bi labarin sawu bayan sawu. A 1999 ƙungiyar Honjo ta buga a mujallar Immunity cewa ɓerayen da aka cire musu PD-1 suna kamuwa da cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, wanda ya nuna cewa furotin ɗin birki ne a kan ƙwayoyin T, sojojin da ke kashe abin da jiki bai amince da shi ba. A 2000, tare da haɗin gwiwar Gordon Freeman da abokan aikinsa a Amurka, aka nuna cewa wani furotin mai suna PD-L1 ne ke taka wannan birki. A 2002 kuma, a mujallar PNAS, Iwai da Honjo da sauran abokan aikinsu suka nuna cewa ƙwayoyin ciwon daji suna ɗaukar PD-L1 a jikinsu don su kashe wa ƙwayoyin T kaifi, kuma idan aka toshe wannan haɗuwa da antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke manne wa abin da ya nufa, garkuwar jikin ɓeran tana farfaɗowa ta far wa ƙarin. Maganin da ya fito daga wannan hanya, nivolumab, wanda ake sayarwa da sunan Opdivo, ya sami amincewar hukuma a Japan a 2014 don wani nau'in ciwon dajin fata. Tsakanin takardar farko da maganin farko akwai shekara 22, kuma duk wannan zaren na tattara shi ne cikin yammaci guda ina zaune da kwamfuta a cinya.

To amma a nan ne kuma na ga iyakar abin da shafin zai iya yi. Idan aka duba masu ambaton takardar 1992 shekara bayan shekara, za a ga cewa mafi yawansu sun zo ne bayan magungunan sun fara aiki a jikin mutane. Ke nan da a ce a tsakiyar shekarun 1990 wani kwamiti ya zauna yana auna wannan takarda da yawan ambato kawai, da bai ga abin da ke cikinta ba. Lambar tana biyo bayan aikin ne, wani lokaci da tazarar shekaru masu yawa.

Akwai kuma abin da yawan ambato ke dannewa. Kafin duniya ta san Honjo da PD-1, masana garkuwar jiki sun san shi da wani babban aiki dabam, wato bayanin yadda ƙwayar B, wata daga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, ke sauya ajin antibodin da take samarwa. Tun a 1978 ya kawo bayanin cewa ana yanke wani sashe na ƙwayoyin gado ne a zubar kafin sauyin ya faru, sannan a 1999 ɗakin gwaje-gwajensa ya gano sinadarin AID, aka kuma nuna a 2000 cewa in babu shi sauyin ba ya yiwuwa. A ganina wannan aiki ba ya ƙasa da na PD-1 wajen zurfi, domin yana cikin tushen fahimtarmu game da yadda allurar rigakafi ke barin kariya mai inganci a jiki. Amma ɗalibin da bai san da shi ba zai iya wucewa bai lura ba, saboda fannin ciwon daji ya fi yawan masu rubutu, kuma shafin yana ba takardun da suka fi yawan ambato fifiko wajen jeri.

Wata matsala da ya kamata mai amfani ya sani ita ce ta suna. Wanda ya nemi T. Honjo kawai zai ci karo da takardun wani masanin na Japan mai irin wannan suna da ke aiki a kan kimiyyar haske da sadarwa, abin da ba shi da alaƙa da garkuwar jiki ko kaɗan. Mu da sunayenmu suka cika da Abubakar da Muhammad da Ibrahim mun fi kowa sanin wannan, shi ya sa nake shawartar duk mai bincike ya buɗe shafin kansa a Google Scholar ya tsabtace shi, ya kuma yi rajistar lambar ORCID, wadda ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa.

Sai batun ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar lissafi (physics) Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, kuma Google Scholar ke nunawa a shafin kowane mai bincike tun da aka fara irin waɗannan shafuka a 2011. Ma'anarsa mai sauƙi ce: idan ma'aunin mutum 20 ne, yana da takardu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Yau a jami'o'inmu da yawa ana tambayar wannan lamba a lokacin ƙarin girma, kuma na fahimci dalilin, tunda ita ce kowa ke iya gani ba tare da biyan kuɗi ba. Sai dai injin shafin yana tattara duk abin da ya yi kama da takardar ilimi, har da na mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba, kuma kamfanin bai fitar da jerin majiyoyinsa ba. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro masani na ƙarya mai suna Ike Antkare da takardun da kwamfuta ta haɗa suna ambaton juna, kuma ma'auninsa ya kai 94. Bugu da ƙari, shafin yana ba kowane mai suna a takarda cikakken ambato, ba ya bambanta ɗalibin da ya kwana a ɗakin gwaje-gwaje da wanda ya ba da aron kayan aiki. Wannan yana damuna, domin matasan malamai sun fara zaɓar abin da za su bincika bisa abin da zai ɗaga lamba da sauri, alhali tambayoyin garkuwar jiki da suka shafe mu, irin su zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tarin fuka, suna buƙatar haƙuri irin na shekara 22 ɗin nan.

Don neman takarda da bin zaren bincike daga tushe zuwa rassa, ina ba Google Scholar cikakken goyon baya, kuma ban san wani shafi na kyauta da ya kai shi ba. Ga ɗalibin likitanci ko na gwajin jini, ina ganin ya fi kyau ya riƙa haɗa shi da PubMed, rumbun Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, wanda ya fi tsauri wajen zaɓen mujallu kuma yana sa alama a kan takardar da aka janye. A laccar da na gabatar ban nuna wa ɗaliban ma'aunin kowa ba. Na ba su takardu uku, ta 1992 da ta 1999 da ta 2002, na ce kowa ya nemo su da kansa a shafin, ya karanta su bi da bi, sannan ya rubuta mini a shafi ɗaya abin da aka sani game da PD-1 a ƙarshen kowace takarda wanda ba a sani ba kafin ta fito.