Jiragen fiton CalMac a yammacin Sukotlan: akwai arha, amma a ware wa iska kwana guda

Duk mai son ganin tsibiran yammacin Sukotlan da kuɗi kaɗan, musamman ɗalibanmu da ke karatu a Birtaniya, dole ya yi hulɗa da Caledonian MacBrayne, wanda kowa ke kira CalMac. Kamfanin mallakar gwamnatin Sukotlan ne, shi ke fiton mutane da motoci zuwa Mull, Skye, Arran, Islay, Lewis da Harris da sauransu. Ga wanda ya zo ba mota, kuɗin da ake biya bai kai darajar abin da ake samu ba. Ga mai mota ko mai gaggawa kuwa, labarin ya bambanta.

Arhar tana da dalili. Gwamnati ta ɗora farashin a kan wani tsari da ke lissafa kuɗin fito daidai da abin da mutum zai kashe da a ce titi ne a wurin. Shi ya sa tsallakawa daga garin Oban da ke gaɓar yammacin Sukotlan zuwa Craignure a tsibirin Mull, tafiyar kusan minti 50, ba ta kai fam 10 ga mai ƙafa ba. Wurin mota ne ke ƙarewa tun makonni kafin lokacin zafi. Mai jaka a baya ba kasafai yake rasa wuri ba, duk da haka gara ya sayi tikitinsa ta intanet tun da wuri, domin jirage kan cika a Yuli da Agusta.

Hanyar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce ta Oban. Jirgin ƙasa daga tashar Queen Street ta Glasgow yana ɗaukar kimanin awa 3, kuma tashar Oban tana dab da wurin shiga jirgin ruwa. A kula da abu ɗaya: sau da yawa jirgin ƙasan yana rabuwa biyu a Crianlarich, wasu taragu su nufi Oban, wasu su wuce Fort William da Mallaig. Wanda ya zauna a taragon da ba nasa ba sai ya tsinci kansa cikin tsaunuka, jirgin ruwansa ya tashi ba shi. A tambayi mai duba tikiti tun kafin a zauna.

Inda tafiyar ke lalacewa ba a kan ruwa ba ne, bayan an sauka ne. Daga Craignure bas ke kai mutum Tobermory, garin da gidajensa masu launi daban-daban suka jeru a bakin ruwa, ko kuma Fionnphort, tafiyar sama da awa guda a kan titi mai ɗaukar mota ɗaya, inda ake tsallakawa tsibirin Iona cikin minti 10. Basussukan nan kaɗan ne a rana, kuma ba kowane jirgi suke jira ba. Wurin ba kamar tashar gida ba ne da idan mota ta wuce ka wata za ta yi lodi; idan ta ƙarshe ta tafi, sai tasi mai tsada, idan ma an samu. Don haka a fara duba jadawalin bas, sannan a zaɓi jirgin da ya dace da shi. Ranar Lahadi abin ya fi ƙanƙancewa, haka ma daga ƙarshen Oktoba idan aka koma jadawalin hunturu.

Sai batun soke tafiya, wanda shi ne babban aibin CalMac. Iska da igiyar ruwa ba laifin kowa ba ne. Amma wasu jiragen sun tsufa, shi kansa jirgin da ake kira Isle of Mull da ke hanyar Oban tun 1988 yake aiki, kuma sabon jirgi Glen Sannox sai a Janairun 2025 ya fara ɗaukar fasinja bayan jinkirin shekaru. Idan jirgi ɗaya ya lalace, akan ɗauko na wata hanya a toshe giɓin, sai jadawalin wani tsibirin da ba ruwansa ya rikice. Shafin kamfanin yana nuna halin kowace hanya da launi, kuma ruwan ɗorawa yana nufin ana iya sokewa a kowane lokaci. A duba shi da dare, a sake dubawa da safe. Kada wanda ke da jirgin sama ko jarrabawa gobe ya kwana a tsibiri yau. Tsallaken Mallaig zuwa Armadale a Skye yakan shiga matsala idan ruwa ya janye sosai, sai dai Skye tana da gada tun 1995, bas na iya fitar da mutum. Mull da Lewis ba su da wannan mafita.

Cikin jiragen akwai tsabta da ɗumi, da wurin zama a sama don kallo. A doguwar hanya irin ta Ullapool zuwa Stornoway a tsibirin Lewis, kusan awa biyu da rabi, mai saurin jiri ya sha maganinsa kafin a tashi, ya zauna tsakiyar jirgi.

Abincin cikin jirgi ba laifi, amma Musulmi ya yi hattara da karin kumallon: akwai naman alade, akwai kuma wani baƙin tsiran-alade da ake haɗawa da jini, wanda Stornoway ta shahara da shi. Ko soyayyen kifi a gari, a tambaya ko an sa giya a kwaɓin fulawar da kuma irin man suyar. Mafi sauƙi a yi guzuri a manyan kantunan Oban, domin kaya sun fi tsada a tsibiri. Stornoway tana da ƙaramin masallaci tun 2018. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, sai a tsara sallolin tafiya da wannan a zuciya.

Kuɗin kwana ne ke cinye aljihu, ba na jirgi ba. Gadajen masaukin matafiya masu arha a Oban, Tobermory da Portree na tsibirin Skye suna ƙarewa da wuri, a kama su kafin tikiti. Mayu da Satumba sun fi sauƙin farashi da cunkoso, kuma ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ake kira midges, waɗanda ke addabar mutane da yamma a tsakiyar lokacin zafi, ba su da yawa a watannin. Rigar ruwa kam a tafi da ita ko wane wata ne, lema ba ta jure iskar wurin.