Bitar Faifan "Hotel California" na Cika Shekara 40

A watan Nuwamba na 2017 aka sake fitar da kundin Hotel California na ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Eagles, domin cikarsa shekara 40. Akwai iri biyu masu ƙarin kaya. Ƙaramin yana da CD biyu: kundin asali da aka gyara wa sauti, da waƙoƙi 10 na wasan da suka yi a dandalin Forum na Los Angeles a Oktoban 1976. Babban ya ƙara da faifan Blu-ray mai sautin lasifika shida da ɗan littafin hotuna. Ga mai koyon jita, CD na biyu shi ne ribar sayen, domin an ɗauki wasan ne kafin kundin ya fito ranar 8 ga Disamba 1976. Mutanen da ke zauren suna jin waƙar "Hotel California", wadda kundin ya ci sunanta, tun ba ta shiga kasuwa ba.

Mai jitar ƙungiyar, Don Felder, shi ne ya tsara kiɗan waƙar a wani gida da ke bakin teku a Malibu, ya naɗa a kaset da jita mai tsirkiya 12 da injin ganga. Don Henley da Glenn Frey suka ɗora baitoci, kuma da farko "Mexican Reggae" suke kiranta. Felder ya yi ta ne a E minor, sai aka ga bai dace da muryar Henley, mai rera waƙar, ba, aka mayar da ita B minor. Wannan sauyi ne ya sa ake ɗaura kapo (maƙalin da ke danne tsirkiyoyin jita gaba ɗaya) a gaɓa ta 7 ta wuyan jita: yatsu suna kama kod (sautukan da ake kaɗawa tare) na Em, B7, D, A, C, G, Am, B7 kamar yadda aka tsara tun farko, kunne kuma yana jin Bm, F#7, A, E, G, D, Em, F#7.

Daɗin waɗannan kod takwas yana cikin wani zare da ke ɓoye a tsakiyarsu. Ɗauki sauti ɗaya daga kowanne cikin shida na farko: B, A#, A, G#, G, F#. Gangarowa yake yi rabin taki rabin taki, kamar mai sauka matakala a hankali. Shi ya sa kod ɗin E, wanda a ƙa'ida baƙo ne a B minor, ya zauna daram. Kuskuren da masu koyo suka fi yi nan yake. Wani ya kama Em a wuri na huɗu, G# ya ɓace, zaren ya tsinke. Wani ya sa F#m maimakon F#7, ya rasa A# ɗin da ke jan kunne ya koma gida Bm. A amshi kuwa ana buɗewa da G da D, sararin ya ɗan yi haske, sannan F#7 ya sake rufe ƙofa. Masu sauraro da yawa sun lura jerin yana kama da na "We Used to Know" ta Jethro Tull ta 1969, kuma kamar tana nan, sai dai gudun kiɗan da bugunsa sun bambanta.

A faifan Forum ana jin yadda Felder da ɗayan mai jitar, Joe Walsh, ke miƙa wa juna kiɗa a ƙarshen waƙar, sannan su haɗu suna warware kowane kod sauti bayan sauti, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wanda ya saba da na sitidiyo, wanda furodusa Bill Szymczyk ya harhaɗa daga ɗauka da dama, zai ji bambanci: na dandali ya fi kaushi, amma ya fi sauƙin rarrabe wa ke kaɗa me. Bas ɗin Randy Meisner ma ya fito, da ɗan tsallensa irin na rege. Blu-ray ɗin yana raba jitocin zuwa lasifika daban-daban, abin da ke taimakon mai kwaikwayo sosai, amma wanda ba shi da na'urar lasifika shida asarar kuɗi zai yi, gara ya tsaya a ƙaramin.

Abin takaicin shi ne abin da ba a saka ba. Babu kaset ɗin Felder na farko, babu ɗaukar da aka yi a E minor, babu wadda aka watsar saboda ta yi sauri. Kundin da aka yi don tunawa da tarihi, ga shi an bar tarihin a ɗakin ajiya.

In za ka bi faifan da jita mai tsirkiya 12, sai ka ɗaura kapo tukuna sannan ka daidaita tsirkiyoyin, domin matsin kapo a gaɓa ta 7 yana ɗaga siraran sama da inda ya kamata. Ka ajiye shi dab da ƙarfen gaɓar, ba a tsakiya ba, in ba haka ba za ka ji ƙarar zuzz a buɗewar waƙar.