Jan ƙarfe ko azurfa wajen juya kabon dayoksaid zuwa mai

Ɗan'uwa, tunda metan da etilin, iskokin gas masu cin wuta, kake son lantarki ya fitar maka daga iskar kabon dayoksaid, sayi jan ƙarfe ya zama fallen da lantarkin zai bi ta kansa ka huta.

Azurfa ma tana aiki, ba zan ƙi faɗa ba. Tana ba da kabon monoksaid mai tsafta, sama da kashi 90 cikin 100 in an kyautata saiti, amma daga nan ba ta ƙara taku. Tawa tana nan kwance cikin akwati.

Jan ƙarfe kuwa, ranar da na fara ganin alamar etilin a na'urar tantance iskar gas sai da na kira abokan aikina su zo su shaida. Ɗan fallen jan ƙarfe ne wanda bai kai tafin hannu ba, na wanke shi da lantarki cikin asid ɗin fosforik, na tsoma a ruwan potasiyam baikabonet. Har yau shi nake mora.

Dalilin bambancin yana wurin riƙo. Azurfa da zinariya suna sakin kabon monoksaid da zarar ya samu, don haka ilektiron (ƙwayoyin lantarki) 2 kawai ake kashewa, zance ya ƙare. Filatinam da nikel su kuma sukan ƙanƙame shi har fuskarsu ta toshe, sai ka tashi da haidurojin zalla. Jan ƙarfe na riƙe shi daidai wa daida, ya ba shi lokacin karɓar ƙarin ilektiron har jimilla ta kai 8 ya zama metan, ko kabon biyu su haɗu jimilla ta kai 12 a samu etilin. Masanin kimiyya Yoshio Hori ne ya nuna haka a Japan tun 1985, kuma har yanzu a cikin tsantsar ƙarafa babu wanda ya ƙwace wa jan ƙarfe wannan matsayi.

Sai dai ka shirya wa halinsa, don ba ya zaɓe. A 2012 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ƙirga sinadarai 16 da ke fitowa daga kansa, har da etanol. Yana cin lantarki fiye da yadda lissafi ya nuna, kuma ƙarfinsa kan ragu in aiki ya yi tsawo. In ba ka da na'urar tantance gas, ka nemi inda za ka ara tun kafin ka fara.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Wasu kan sayar da wanda aka gauraya da zinki su ce tsantsa ne, ido kuma ba koyaushe yake ganewa ba. Ɗan gurɓi kaɗan ya isa ya mayar da aikinka na haidurojin. Nemi mai tsaftar kashi 99.999, da takardar gwaji mai lambar da ta dace da ta jikin kwalin. Wanda ya fara kame-kame in ka nemi takarda, bar masa kayansa. Gishirin baikabonet ɗin ma haka za ka bincike shi.