Masara, dusa ko ƙuli: wanne za ka saya wa sanka mai fita kiwo?

Kafin ka tambayi kuɗin buhu a Dawanau ko kasuwar ƙauyenku, fara zuwa makiyayar ka duƙa ka tsinko ciyawar da sanka ke ci. Ita za ta gaya maka abin da za ka saya.

Gamba da kyasuwa idan suna ɗanyu a farkon damina, sinadarin gina jiki, wato furotin, yakan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye. Da zarar sun yi kai sun bushe, hunturu ya bi ta kansu, sai ya sauka zuwa kashi 2 zuwa 4. Su kuwa ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya, waɗanda su ne ke narka mata ciyawa, suna bukatar kusan kashi 7 kafin su yi aiki yadda ya kamata. Shi ya sa a watan Maris za ka ga sa ya wuni a daji, cikinsa a cike, amma haƙarƙarinsa na ƙirguwa. Dubi kashinsa: ya fito a bushe, da tauri, hawa-hawa kamar an jera faifai. Wannan sa ƙuli yake nema, masara ba za ta fishe shi ba.

Na faɗi haka ne don na taɓa ƙonewa. Wata shekara na samu masara da araha bayan girbi, na riƙa zuba wa wani bunajina kwano guda safe da yamma. Sai ya rage cin ciyawa, yana dawowa daga kiwo da wuri ya tsaya bakin turke yana jira. Ana nan kashinsa ya koma ruwa-ruwa, da kumfa da warin tsami, ya daina tuƙa kwana biyu. Sitacin hatsi idan ya yi yawa yana sa tumbi tsami, tsamin kuma ya kashe masu narka ciyawar. Ka ga ke nan na sayi abinci mai tsada na kori wanda Allah ya ba ni kyauta.

Ba wai hatsi ba shi da amfani ba. Masara da dawa sun fi kowa ƙarfi, amma furotin ɗin masara bai wuce kashi 8 zuwa 9 ba. Wurinsu shi ne lokacin da ciyawa ke da kyau, ko makonnin ƙarshe kafin a kai sa kara. San da ya kai kilo 300 yana fita kiwo, kada ya wuce kilo 1 zuwa 1 da rabi a rana, a fara da kaɗan a ƙara cikin mako biyu. Dawa kuma sai an ɓarza, in ba haka ba kaji za su tsince maka kuɗinka a cikin kashi.

Dusa ta fi sauƙin sha'ani. Ta masara da ta gero daga injin niƙa ba su kai tsabar hatsi haɗari ba, dusar alkama kuwa ta fi su furotin, kusan kashi 15 zuwa 17, sa yana sonta ƙwarai idan an jiƙa ta. Wadda nake tsoro ita ce dusar shinkafa. Sau da yawa an niƙe ta tare da ɓuntu, shi kuwa ɓuntu cika ciki kawai yake yi. Ɗebi hannu guda ka zuba a kofin ruwa: ƙaiƙayi zai taso sama, yashi zai kwanta ƙasa. Mai kayan kirki ba ya hana a gwada.

Da rani, ni dai kuɗina ƙulin angurya suke tafiya. Irin wanda kamfanonin matse man auduga ke fitarwa a wurare kamar Funtuwa yakan ɗauki furotin kashi 20 zuwa 30, gwargwadon ɓawon da ke ciki. Kilo guda a rana ga babban sa yana buɗe masa ciki, ya koma cin busasshiyar ciyawar da da yake shinshinawa ya wuce. Haɗin dusar masara da ƙulin angurya ana yawan ganinsa a gwaje-gwajen turka na cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya. Sai dai kada a ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba, akwai wani sinadari a auduga da ke cutar da shi. Angurya tsurarta ma tana yi, amma tana da mai, idan ta wuce kilo 1 da rabi sai zawo.

Ƙulin gyaɗa ya fi furotin, kashi 40 zuwa 45, don haka rabin kilo ya kusan tsaya maka a matsayin kilo guda na ƙulin angurya. A nan ne lissafi ke shigowa: idan kuɗin buhunsa bai kusa ninka na ƙulin angurya ba, kuma nauyinsu ɗaya, shi ne mai araha ko da ya fi tsada a baki. Ka tambayi kilo, kada ka tsaya ga girman buhu. Ka fasa dunƙule ka shinshina; in ka ga funfuna kore ko ka ji warin ruma, bar shi ko kyauta ne, gubarsa hanta take ci.

Wanda ya tara harawar wake ko ta gyaɗa a kan rumfa, ko yake da gawo a gona yana zubo 'ya'ya da rani, ya rage abin da zai saya da yawa. Dami guda na harawa da yamma yakan yi rabin aikin ƙuli.

Ko me ka zaɓa, ware kuɗin gishirin lasa da maganin tsutsar ciki tun farko, musamman idan shanun suna shiga fadama, inda tsutsar hanta take. A ba da maganin kafin a buɗe buhun farko. Sai ka auna mudunka a sikeli sau ɗaya, dusa daban, ƙuli daban, ka rubuta a bangon garke don yaron da ke zuba musu ya gani.