Na ɗaya ko na biyu? Abin dubawa kafin a biya wa yara kuɗin kallon katun

Mu da muka tashi da finafinan Kano mun saba da cewa na biyu cikon na ɗaya ne. Labari guda ake rabawa gida biyu, a datse shi daidai inda ran mai kallo ya rataya, dole wanda ya sayi kaset na ɗaya ya koma shago neman ɗan'uwansa. Da wannan sabon ne da yawa daga cikinmu iyaye a nan Legas muke karɓar maganar yara. Yaro ya shigo da gudu ya ce, "Umma, na biyu ya fito," sai uwa ta ji kamar bashi ne ya hau kanta. To, ba haka kamfanoni irin su Disney da Pixar da DreamWorks suke aiki ba. Na farkonsu cikakken labari ne, an ƙulla an kwance. Na biyun sai bayan shekaru ake zama a ƙirƙiro shi, galibi saboda na farkon ya kawo kuɗi. Wani yakan fito da sabon ɗanɗano, wani kuwa ɗumame ne da aka ƙara wa ruwa.

Kuma fitar ba ƙaramar hidima ba ce. Daga gidanmu a Agege zuwa sinimar da ke Ikeja City Mall a Alausa ba nisa a taswira, amma idan aka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, tikitin mutum huɗu, gugguru da lemo, abin yakan ci cefanen kwanaki. 'Yan Idi-Araba Surulere ta fi musu kusa, na Obalende su tsallaka Victoria Island ko Lekki, duk dai lissafin ɗaya ne. Ko a gida za a kalla, data ba kyauta ba ce. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani a finafinai uku da na zauna na kalla tare da yarana, na farkon da na biyun duka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Inside Out. Na farkon ya fito a 2015, labarin wata yarinya Riley mai shekara 11 da iyayenta suka tashi daga garin da ta saba suka koma San Francisco. Dabarar fim ɗin ita ce an mayar da abin da ke cikin zuciyarta mutane biyar: Farin Ciki, Baƙin Ciki, Fushi, Tsoro da Ƙyama, suna rigimar wa zai riƙe akalarta. Duk yaron da aka ɗauko daga Kano ko Sakkwato aka sa shi makarantar da kowa ke Yarbanci da Turancin buroka ya san wannan halin, ko da bai iya faɗarsa ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, kuma ya cancanta.

Na biyun ya zo ranar 14 ga Yunin 2024, kwana biyu kafin Babbar Sallah, shi ya sa ya zama yawon Sallarmu na waccan shekarar. Riley ta kai 13, daidai da babbar 'yata a lokacin. Baƙi huɗu sun shigo zuciyarta: Fargaba, Hassada, Kunya da Gundura. Riley ta ji cewa ƙawayenta biyu za su tafi wata makaranta dabam, sai ta shiga yi musu wulaƙanci don ta samu shiga wurin manyan 'yan mata, har ta kai ga yin abin da ta san ba halinta ba ne. Akwai wurin da fargaba ta taru ta yi mata yawa, numfashinta ya sarƙe, ƙirjinta yana bugawa, tana zaune ita kaɗai a gefen fili. Na juya na ga tawa ta dunƙule hannu a kan cinya. A mota muna dawowa ta ce, "Umma, haka nake ji ranar jarrabawa." Shekara nawa muna ɗaki ɗaya, ban taɓa jin wannan daga bakinta ba.

Idan ana maganar gwaninta, na farkon ya fi. Shi ne ya zo da dabarar, na biyun kuma a kan sawunsa ya taka, har tsarin tafiyar kusan iri ɗaya ne. Amma ga gidan da ke da yarinya ko yaro mai shekara 11 zuwa 14, na biyun ya fi amfani, kuma kuɗinsa bai tafi a banza ba. Abu guda da na so ƙwarai: Kunya, wadda mu a wurinmu ado ce, ba a mayar da ita abin dariya kawai ba. An yi ta a siffar wani ƙato mai yawan rufe fuska, kuma shi ne ya fara taimaka wa gaskiya a ɓoye lokacin da Fargaba ta ƙwace mulki. Autana mai shekara biyar kuwa barci ya yi tun kafin a kai rabi. Kada a saya wa irinsa tikiti.

Moana 2 labarinsa dabam ne. Na farkon, na 2016, yana da kaka mai hikima, da yarinya mai nauyin jama'arta a ka, da waƙoƙin Lin-Manuel Miranda waɗanda yara suka yi shekaru suna rerawa. Na biyun ya fito a ƙarshen Nuwambar 2024, kuma asalinsa shiri ne mai dogon zango da aka fara tsarawa don Disney+, dandalin kallon finafinan kamfanin ta intanet, daga baya aka ɗinke shi ya zama fim guda. Ɗinkin yana nunawa. An cika jirgin ruwan da sababbin abokan tafiya waɗanda ba a ba su lokacin da mai kallo zai san su ba, babban abokin gabar da ake ta ambato da ƙyar ake ganinsa, ƙarshen kuma share fagen wani fim ne na gaba. Miranda bai dawo ba, wasu ne suka rubuta waƙoƙin, kuma har muka iso gida ba wanda ya riƙe baiti ɗaya a cikin yarana. Zanen teku da raƙuman ruwa ya yi kyau matuƙa, ba zan hana shi wannan ba. Ya kuma tara sama da dala biliyan 1, amma yawan masu saye ba shi ne daɗin miya ba. Wannan na kallon gida ne, ranar da aka samu wuta.

Ban ce duk abin da aka fara don talabijin lalatacce ne ba. Toy Story 2 na 1999 ma da farko don sayarwa a kaset aka nufe shi, sai Pixar ta sake gina labarin, ya fito ya yi kafaɗa da na 1995. Bambancin yana wurin ko an sake zama an yi aikin, ko an haɗa guntaye ne kawai.

Akwai kuma maganar da ta fi kuɗi muhimmanci a kan Moana, na ɗaya da na biyu. An gina su ne a kan tatsuniyoyin mutanen tsibiran tekun Fasifik, da alloli da ruhohin kakanni, kuma na biyun ya fi zurfi a wannan, domin a ƙarshe ita kanta yarinyar an ɗaga ta sama da matsayin ɗan'adam. Hukumar tace finafinai ta ƙasa tana sa alamar shekaru irin su G (na kowa) da PG (da sa idon iyaye), amma alamar ba ta san abin da ake koya wa ɗanki a Islamiyya ba. Ni ban hana nawa kallo ba, sai dai na zauna da su kafin da bayan fim ɗin, na ce musu wannan gizo da ƙoƙi ne na wasu mutane. Na tsakiyan, mai shekara tara, ya yi tambayoyin da sai da Abbansu ya sa baki. Uwar da ba ta da lokacin wannan zaman, gara ta zaɓi wani fim ɗin.

Na ukun shi ne wanda ƙani ya wuce wa. Puss in Boots na 2011 fim ne na nishaɗi, a yi dariya a manta. Bayan shekara 11, a Disambar 2022, sai ga na biyun, The Last Wish. Muzurun nan mai taƙama da takobi ya cinye rayuka takwas cikin tara da tatsuniyar Turawa ke ba kyanwa, saura ɗaya, ga kuma wani kyarkeci mai jajayen idanu da lauje biyu yana bin sa. Kyarkecin mutuwa ce da kanta. Salon zanen ya canja, ya koma kamar hoton da aka yi da buroshi, labarin kuma ya yi nauyi: jarumi ya fara sanin tsoro, ya koyi cewa rai guda ya isa idan akwai waɗanda ake ƙauna. Ba sai an ga na farkon ba kafin a fahimce shi, wanda hakan ma sauƙi ne ga aljihu.

Sai dai a yi hattara. Kafin kyarkecin ya bayyana fito yake yi, a hankali, cikin duhu. Mu da aka raina da cewa ba a fito da dare, wannan sautin yana taɓa wani wuri a jikinmu. A falo muka kalla, da fitila a kunne, duk da haka auta ya kwana uku a ɗakina. Ƙasa da shekara takwas ban ba da shawara ba, musamman a ɗakin sinima mai duhu da ƙarar lasifika. Haka kuma mai yaron da ke da farfaɗiya ya sani cewa Incredibles 2 na 2018 yana da wuraren da haske ke walƙiya da sauri, har sai da aka liƙa gargaɗi a gidajen sinima lokacin da ya fito.

Yanzu duk sanda aka zo mini da labarin wani na biyu, akwai abin da nake yi kafin na taɓa jaka. Daren Juma'a mu sake kallon na farkon a gida. Idan yaron da ya fi matsa mini bai iya zama ya kai ƙarshe ba, na san tallar da ya gani a waya ce ke jan sa, ba labarin ba. Sannan ba na zuwa makon farko. Nakan jira maƙwabciyata Maman 'yan biyu, wadda ba ta barin sabon katun ya wuce ta, in tambaye ta abu biyu: wane yaro ne ya tsorata, kuma wane ne ya yi magana a hanyar dawowa. In amsar ta yi, sai mu zaɓi nunin rana, bayan Azahar, don mu fito kafin cunkoson yamma ya rufe hanyar Agege, mu riski Magariba a gida.